Kumburin babbar jijiyar jini: nazari a kan jinyar Albert Einstein, 1948 zuwa 1955

A watan Disamba na 1948 aka kwantar da shahararren masanin kimiyya Albert Einstein a Asibitin Yahudawa na Brooklyn, a birnin New York na Amurka, yana da shekara 69. Abin da ya kai shi ciwon ciki ne da ya daɗe yana addabarsa. Yakan taso masa a saman ciki, ya yi kwana biyu ko uku yana murɗarsa, wani lokaci har da amai, sannan ya lafa kamar ba a yi ba, sai bayan 'yan watanni ya dawo. Cikin nasa dama ba lafiyayye ba ne, don tun 1917 yana Balin ya yi doguwar jinya har aka kafa masa dokar abinci, kuma an daɗe ana ɗora laifin a kan maɗaciya. Ga shi mashayin taba na gaske. Lofe ba ya barin bakinsa, ko da likitoci suka hana shi sai ya riƙa cizon lofen babu wuta. Wannan karon da aka latsa cikin, hannu ya taɓo wani dunƙule can ciki.

A wancan zamani babu sikanin, babu hoton CT. In likita na son sanin abin da ke cikin ciki, sai ya buɗe ya gani da idonsa. Wanda ya buɗe na Einstein shi ne Rudolph Nissen, almajirin shahararren likitan fiɗar Jamus Ferdinand Sauerbruch. Shi ma guguwar 'yan Nazi ce ta raba shi da Jamus a 1933, ya zauna a Santambul yana koyarwa kafin ya wuce Amurka a 1939. Da ya buɗe, bai tarar da ƙari ba. Babbar jijiyar jini ya gani ta kumbura, girmanta ya kai na garehul, tana bugawa tare da zuciya.

Abin da ya kumbura

Ayota ita ce uwar jijiyoyin da ke ɗauke da jini daga zuciya. Tana lanƙwasa a ƙirji, ta gangaro jikin ƙashin baya, ta ba hanta da hanji da ƙoda nasu rassan, sannan a daidai cibiya ta rabu biyu, kowace ƙafa da nata. A cikin ciki faɗinta wajen santimita 2 ne ga babban mutum. In ya kai 3 an ce ta kumbura, ciwon da likitoci ke kira anurizim. Galibi kumburin na tasowa ƙasa da inda jijiyoyin ƙoda suka fita, kuma 'yar tazarar da ke tsakaninsu, wadda ake ce wa wuya, ita ke yanke irin aikin da zai yiwu a yau.

Bangon jijiyar na da zaruruwa masu talewa su koma, su ke karɓar bugun zuciya dare da rana. Tsufa na cinye su, hayaƙin taba na hanzarta cin, hawan jini na ƙara musu nauyi, wasu kuma gado suka yi. In bangon ya yi rauni a wuri guda sai ya fara buɗewa, tamkar tiyub ɗin keke da ya yi ƙulu a gefe: yana ƙara faɗi, ƙarfin da ke jan bangon yana ƙaruwa, girma na jawo girma. Ƙarami kan ƙaru da milimita 2 zuwa 3 a shekara, babba ya fi haka sauri. Maza sun fi mata kamuwa nesa ba kusa ba, sai dai na mata kan fashe tun bai kai girman na maza ba. Taba ce kan gaba cikin masu jawo shi.

Mugun halinsa shi ne shiru. Akasarin masu shi ba sa jin komai har ranar da zai fashe, in kuwa ya fashe wajen mutum 8 cikin 10 ba sa tashi, da yawa ma ba sa isa asibiti. Ta nan Einstein ya yi sa'a, an ga nasa tun bai tsage ba.

Ledar Nissen

Gani daban, magani daban. A 1948 babu likitan da ya taɓa yanke kumburin ayotar ciki ya maye gurbinsa majinyaci ya rayu. An gwada ɗaure jijiyar ɗungurungum, wanda ke nufin a toshe wa ƙafafu hanyar jini a zuba ido ko ƙananan jijiyoyi za su ɗauki nauyin. Likitan fiɗa Astley Cooper ya yi haka a Landan a 1817, mutumin bai wuce kwana biyu ba. An gwada cusa doguwar siririyar waya cikin kumburin don jini ya daskare a kanta. Duk dabaru ne na wanda ya rasa mafita.

Nissen ya ɗauki dabarar da ake yayi a shekarun 1940, wato selofen, ledar nan mai sheƙi da ake naɗe kwalin sigari da ita. An lura cewa in aka bar wani nau'inta a jiki, nama ba ya jituwa da ita, sai ya yi ta gina tabo mai kauri a kewayenta. Fatan shi ne tabon ya zama ɗamara ga jijiyar. Nissen ya shimfiɗa ledar a fuskar kumburin ta gaba, iya inda hannu zai kai lafiya, ya rufe ciki. Bayan bai taɓu ba, don can kumburin na kwance jikin ƙashin baya, ga babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya a gefe, ga ƙananan rassa na fita ta baya. Ƙoƙarin zagaye shi na iya fasa shi a kan tebur. An sallami Einstein a Janairun 1949, ya je Florida ya huta, ya koma bakin aikinsa a Princeton.

A ganina Nissen ya yi daidai, kuma babban abin yabonsa shi ne ya san inda zai tsaya. Amma a sassauta labarin nan da ake yawan bayarwa cewa ledar ce ta riƙe Einstein shekara shida. Gaskiya ne ya wuce yawancin masu irin ciwonsa. A 1950 wani likita a asibitin Mayo, J. E. Estes, ya bi diddigin majinyata 102, ya tarar wajen ɗaya cikin biyar ne ya kai shekara biyar. To amma wasu sun kai ɗin, don haka mutum guda ba ya zama hujja. Kuma ɗamarar da ta kare gaba ta bar baya, ta bar inda aka fi samun tsagewa ke nan. Ba a jima ba likitoci suka watsar da ita.

Shekarun da suka wuce shiru

A nan gizo ke saƙar, ko da yake masu ba da tarihin Einstein sun fi tsayawa a kan kwanakinsa na ƙarshe. A 1950 likitocinsa sun ga kumburin na ƙaruwa, ranar 18 ga Maris na shekarar kuma ya sa hannu a wasiyyarsa. A lokacin babu abin yi sai jira. Shekara guda bayan haka zancen ya canza.

Ranar 29 ga Maris 1951, likitan fiɗa Charles Dubost a birnin Paris na Faransa ya yanke kumburin ayotar wani mutum ɗan shekara 50, ya jona masa guntun ayota da aka ciro daga gawar wata 'yar shekara 20 makonni uku kafin nan. Mutumin ya ƙara shekara takwas a duniya, ciwon zuciya ne ya yi ajalinsa. Labarin na fita, Michael DeBakey da Denton Cooley a Houston suka shiga yin aikin ɗaya bayan ɗaya. Cikas ɗin shi ne jijiyar gawa ba ta samuwa yadda ake so, kuma takan lalace da shekaru. Arthur Voorhees a New York ya taɓa lura da wani zaren siliki da ya rage yana reto cikin zuciyar kare bayan gwaji, ya ga jiki ya lulluɓe shi da tantani mai santsi irin na cikin jijiya. Nan ya gane bututun yadi ma zai iya zama jijiya, jini ya toshe ƙofofin saƙar, jiki ya shafe cikinsa. Zuwa 1954 an ba da rahoton mutanen da aka sa wa. DeBakey kuwa yadin Dacron ya sayo a kanti, ya ɗinka bututunsa na farko a keken ɗinkin matarsa, kuma Dacron ɗin ake amfani da shi har gobe. A 1953 Henry Bahnson na asibitin Johns Hopkins ya ceto wanda nasa ya riga ya fashe.

Duk wannan ya faru Einstein na Princeton, kusa da New York, yana zuwa ofis da ƙafarsa. Ba a sake yi masa aiki ba. Ba ina nufin aikin zai zo da sauƙi ba ne. A farkon shekarun 1950 masu mutuwa a wannan tiyata ba kaɗan ba ne, shi kuma ya haura 70, yana da tsohon ciwon zuciya tun 1928, ga tabon da leda ta gina zai sa raba kumburin da hanji ya zama jan aiki. Amma tsakanin yin aikin cikin natsuwa da yin sa bayan fashewa akwai nisa kamar sama da ƙasa, ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohon sarkin Ingila Edward na Takwas, wanda ya sauka daga karaga, DeBakey ya gyara masa irin wannan kumburi a Houston a Disambar 1964 yana da shekara 70. Ya rayu har 1972, kuma sankarar maƙogwaro ce ta yi ajalinsa.

Kwana biyar a Afrilun 1955

Ranar 11 ga Afrilu Einstein ya sa hannu a takardar da masanin falsafa Bertrand Russell ya tsara ta gargaɗin duniya game da makaman nukiliya. Ranar 13 ciwo mai tsanani ya kayar da shi a gida. Sakatariyarsa Helen Dukas ta kira likitansa Guy Dean, aka yi masa allurar mofin. Washegari likitoci suka taru a kansa, cikinsu har da Frank Glenn, shugaban sashen tiyata na Asibitin New York. Suka ce kumburin ya fara yoyo, hanya ɗaya ta rage, a yanke a jona sabuwar jijiya, kuma ba su ɓoye masa cewa samun tsira da wuya ba. Ya ƙi. Dukas ta ruwaito ya ce yana so ya tafi sadda ya ga dama, tsawaita rai da dabara ba shi da armashi, ya yi nasa rabon, lokacin tafiya ya yi, kuma zai tafi cikin mutunci. Ranar 15 aka kai shi Asibitin Princeton, ɗansa Hans Albert ya taso daga Kalifoniya. Ranar 17 ya ɗan ji sauƙi har ya nemi tabarau da takardunsa na lissafi. A daren, bayan ƙarfe ɗaya, 18 ga wata ta shiga, ya cika yana da shekara 76.

Mai karatu zai ce, in ayota ce ta fashe, yaya mutum zai yi kwana biyar? Ya danganta da inda ta tsage. Ayota na kwance ne bayan tantanin da ya lulluɓe kayan ciki. In ta tsage ta gaba, jini ya kwarara cikin sarari, mutum ba ya daɗewa. In ta baya ne ko ta gefe, jinin na taruwa a matsattsen wuri tsakanin tantanin da tsokar baya, ya daskare, ya danne tsagar da kansa. Awon jini ya sauka, yoyo ya tsagaita, majinyaci ya farfaɗo har dangi su fara murna. Sauƙin ƙarya ne. Yana iya kai awanni ko kwanaki, kuma shi kaɗai ne sararin da likitan fiɗa ke samu.

Binciken gawar da likita Thomas Harvey ya yi, wanda duniya ta fi sani da ɗauke ƙwaƙwalwar Einstein, ya nuna wani abu. A kwanakin asibiti ciwon ya tattara a saman ciki ta dama, har zaton maɗaciya ya sake tasowa. Harvey ya tarar maɗaciyar lafiya lau, jinin da ya taru ne ya kai gare ta ya danne ta. A 1984 wani likita, J. J. Chandler, ya raɗa wa wannan yaudara suna alamar Einstein. Fasasshen kumburi gwanin shigar burtu ne, ya zo a kamannin tsakuwar ƙoda, ko ciwon baya, ko ciwon zuciya. Alamomi ukun da ake koya wa ɗalibai, ciwon ciki ko baya, faɗuwar awon jini, da dunƙule mai bugawa, ba kowane majinyaci ke haɗa su ba. Dattijon da ya haura 60 ya zo da abin da ya yi kama da tsakuwar ƙoda karon farko a rayuwarsa, a duba ayotarsa kafin a sallame shi.

Game da ƙin da ya yi, ban ga abin zargi ba. Mutum ne cikin hankalinsa, an gaya masa gaskiya, ya auna, ya zaɓa, likitocin suka girmama zaɓinsa suka koma rage masa raɗaɗi. Fasassun kumburin da aka gyara aka tsira a lokacin ba su taka kara sun karya ba. Rahoton Cooley da DeBakey na 1954 majinyata shida ne, uku suka rayu. Abin da ke damuna shi ne wannan babbar shawara ta riske shi a mafi munin rana, yana kwance cikin azaba, alhali an san da kumburin shekara shida.

Da yau ne

Da Einstein na 1948 zai shigo asibiti yau, ba za a buɗe cikinsa don neman sani ba. Sikanin na 'yan mintuna zai auna faɗin kumburin, hoton CT da aka zuba rini a jini ya nuna tsawon wuyan da karkatarsa. Sai a dubi lamba. Wani babban gwaji a Birtaniya da aka fitar a 1998, mai majinyata 1,090 masu kumburin santimita 4 zuwa 5.5, ya nuna gaggawar yin aiki ba ta fi sa ido da awo ba, don a wannan girma wajen ɗaya cikin ɗari ke fashewa a shekara, haɗarin tiyatar ya fi haka. Daga nan aka tsaya a kan 5.5 ga maza, ga mata kuma akan sauko 5. Mai ciwo, ko mai ƙaruwa fiye da santimita 1 a shekara, ba a jira masa lamba. Na Einstein ya zarce duk wannan. Saura ta wace hanya.

Hanya ta farko jikar aikin Dubost ce, da gyaran da Oscar Creech ya yi mata a 1966. Ana tsaga ciki daga ƙasan ƙirji zuwa mara, a ture hanji gefe, a ba da maganin hana jini daskarewa, a matse ayota da ƙarfe ƙasa da jijiyoyin ƙoda, a matse na ƙafafu. Sai a tsaga buhun kumburin a tsaye, a kwashe gudan jinin da ya yi shekaru yana taruwa, a ɗinke bakin rassan baya da ke tsiyaya. Ba a cire buhun. A cikinsa ake kwantar da bututun Dacron a ɗinke shi sama da ƙasa. Inda hankali ya fi tashi shi ne sakin matsin, don jini na rugawa ƙafafu awon jini ya faɗi, shi ya sa ake saki kaɗan kaɗan, likitan fiɗa da mai ba da maganin barci suna magana da juna. Daga ƙarshe a naɗe bututun da tsohon buhun kada ya goga da hanji. Aiki ne mai nauyi ga zuciya da huhu da ƙoda, mako guda ko fiye a asibiti, wata biyu zuwa uku kafin ƙarfi ya dawo. Amma in an tsallake, galibi an gama ke nan.

Hanya ta biyu ba ta buɗe ciki. Nikolai Volodos ya fara yin ta a ayotar ƙirji a Kharkiv ta Yukiren a 1987, zamanin Tarayyar Sobiyat, duniya ba ta ji ba sai daga baya. Wanda ya sa ta bazu shi ne Juan Parodi na Ajantina, da ya yi wa wani dattijo mai ciwon huhu a Buenos Aires ranar 7 ga Satumba 1990 tare da Julio Palmaz. EVAR ake kiran ta. Ana huda jijiyar gindin cinya ta kowane gefe, a zura waya har cikin ayota ana kallo ta na'urar eksire. A kan wayar ake tura bututun yadi da aka ɗinke jikin ragar ƙarfe, yana matse cikin kube mai kaurin milimita 5 zuwa 7. In ya isa daidai ƙasan jijiyoyin ƙoda sai a janye kuben, ragar ta buɗe ta kama bango. Bututun ƙafa biyu gare shi, ta ɗaya cinyar ake shigo da ta biyun a jona. A zuba rini a duba ko jini ya bi sabuwar hanya ya ƙyale buhun. Kwana biyu ko uku mutum ya koma gida. Sharaɗin shi ne wuyan nan, ana son lafiyayyen bango na milimita 10 zuwa 15 da bai karkace sosai ba. In babu, sai bututu na musamman mai ƙofofi da aka huda daidai jijiyoyin ƙodar mutumin, ko a koma buɗewa.

Gwajin EVAR 1 a Birtaniya ya raba majinyata gida biyu da ƙuri'a. Rahoton 2004 a kan mutum 1,082 ya nuna cikin kwana 30 na farko kashi 1.7 cikin 100 suka rasu a ɓangaren EVAR, kashi 4.7 a ɓangaren buɗewa. Likitoci suka karkata can, kuma da dalilinsu. Amma da aka ci gaba da bin mutanen, cikin 'yan shekaru ɓangarorin suka zo daidai, rahoton 2016 kuma ya nuna bayan shekara takwas 'yan EVAR sun fi mutuwa, akasari don buhun da aka bari ya sake fashewa. Ayota ba ta daina tsufa. Wuya ya buɗe, bututu ya zame, ko rassan baya su riƙa mayar da jini cikin buhu, matsi ya dawo mai shi bai sani ba. Maganin wannan awo ne a kai a kai har ƙarshen rai, da gyara in an ga yoyo. Yana cikin abin da ya sa a 2020 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a fara da tiyatar buɗewa ga wanda jikinsa zai ɗauka. Ta fuska guda EVAR ta yi tarayya da ledar Nissen: duka biyun sun bar kumburin cikin jiki, don haka jinya ba ta ƙarewa ranar sallama.

Ɗan'uwan wannan gwaji, EVAR 2, ya shafi waɗanda rauni ya hana a buɗe su. Wasu aka sa musu bututu, wasu aka bar su, amma jimillar mace-mace ba ta bambanta ba, don zuciya da huhu da sankara na riga kumburin. Ke nan wanda ya ce a ƙyale shi ba lallai ya yi wauta ba, muddin an zauna da shi tun yana da natsuwar yin tunani.

Ga wanda ya zo da fasasshe, ƙa'idar yau ta saɓa wa abin da hannu ke gaggawar yi. Ba a ɗura masa ruwa don awon jini ya koma daidai, hakan na ture gudan jinin da ya toshe tsagar. Ana barin lambar sama ta awon jini wajen 70 zuwa 90 muddin yana magana, in wuya ya ba da dama a shiga ta cinya da allurar kashe wuri kawai. Duk da haka gwajin IMPROVE mai majinyata 613 ya samu mutuwar kashi 35 da kashi 37 cikin 100 a kwana 30 tsakanin tsarin shiga ta cinya da na buɗewa. A gwada wannan da kashi 2 zuwa 5 na aikin da aka shirya wa.

Inda abin ya taɓo mu

Ingila ta koma neman ciwon tun bai nuna kansa ba, bayan wani gwaji mai maza 67,800 ya nuna a 2002 cewa gayyatar sikanin sau ɗaya ta rage mutuwa daga kumburin da kashi 42 cikin 100. Duk namijin da ya cika 65 ana gayyatarsa. Mai santimita 3 zuwa 4.4 ya dawo duk shekara, mai 4.5 zuwa 5.4 duk wata uku. Babu ƙwayar da ke mayar da kumburi, barin taba ne ke rage saurin girmansa.

A wajenmu akwai ɗabi'ar kiran kowane ciwon ciki ulsa, a wuce kemis a yi ta sayen magani shekara da shekaru. Na'urar da ake duba masu juna biyu da ita ita ce ke auna ayota. Dattijon da ya sha taba, ko wanda ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, ya cancanci a ɗora masa ita sau ɗaya. Siririn mutum na iya jin bugu a saman cibiya alhali jijiyarsa lafiya lau, awo ne ke raba gardama.

Sai masu fita Indiya ko Masar neman magani. EVAR na da daɗin ji, babu tsaga ciki, kwana uku a tashi, a hau jirgi a dawo. Amma wanda zai koma garin da hoton CT ke da nisa da tsada, kuma babu mai gyara yoyo in ya taso, ya dace ya ɗora wannan a ma'auni, musamman in shekarunsa ba su ja sosai ba kuma zuciyarsa za ta ɗauki buɗewa. Kafin a biya kuɗi a tambayi likitan tsawon wuyan, a tambaye shi ko bututun ya dace da ƙa'idar kamfanin da ya ƙera shi, da yaushe za a yi hoton farko bayan aiki, da wanda zai karanta na shekara mai zuwa. A dawo da faifan hotunan da takardar da ke ɗauke da sunan bututun da girmansa, don likitan gida ba zai iya cewa buhu ya ƙaru ba sai yana da awon baya a hannunsa.